Dalma, Dorina da Ɗan Farin Dada

Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin Dada ta kama sunan mahaifina ba. Dada kakarmu ce ta wajen uba, Baffa kuwa, wato mahaifina, ɗan farinta ne. A gida irin namu, ko da an bar bin shanu an zauna ana noman shinkafa, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tsayawa hira da shi. In ta matsu sai ta ce, "Ku gaya wa wancan." Yana zaune dab da ita, amma mu ne 'yan aike.

Ƙauyenmu yana bakin fadama, gabas da Haɗeja. A shekarun nan, bayan tafiyar Turawa da kaɗan, kogi kan cika ya tumbatsa har gindin dangarmu. Bayan sallar isha Dada takan hura wutar kara da busasshen kashin shanu a ƙofar ɗakinta don korar sauro, mu kewaye ta, ni da ƙanena Iro da yaran maƙwabta. Tana kaɗi da mazari za ta ce, "Ga wata nan tafe, ku buɗe mata hanya." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma." Ni ce sarkin katse ta da tambaya, shi ya sa take ce mini mai bakin aku.

Wata shekara, shinkafa ta fara nuna, sai dorina ta ɓullo a fadamarmu. Ta ci ta tattake, gona bayan gona. Da ta kife kwalekwalen Malam Bukar masunci ta karya masa ƙafa, dattawan gari suka zo zauren Baffa, don shi ya gaji bindigar kakanmu. Irin bindigar nan ce da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda ake kira harba-ka-ruga. Harbi ɗaya take yi. Mutum kuma yana tsaye cikin ruwa iya ƙugu, in ya kuskure, ina zai ruga? Ko mu yara mun san dorinar da aka ji wa ciwo ba ta barin mai harbinta.

Ana gobe zai fita, Baffa ya zo bakin wutar Dada da kayan zubin harsashi, don garwashinta ya fi na kowa. Ya kawo ludayin ƙarfe da guntayen dalma da ya ciro daga tsohon birgin kamun kifi. Ya kuma kawo sabon mazubi da ya sayo a kasuwar Kafin Hausa, fari fat yana ƙyalli, mai fitar da harsashi da yawa a zubi guda. Na kakanmu, baƙi mai kama da awartaki, wanda sai ɗaya bayan ɗaya yake yi, ya bar shi rataye a bangon zaure. Dalma ta narke, ya kwashe dattin da ya taso sama, ya zuba. Harsasan suka fito sumul, muna ta sha'awa. Dada ta ɗauki ɗaya da ya huce ta mirgina shi a tafinta, ta mayar. Sai ta juyo gare mu ta ce ga wata nan tafe.

Ta ce an yi wani maharbi da ya mutu ya bar wa ɗansa bindiga da mazubin harsashinta. Maƙeri ɗaya ya ƙera su rana ɗaya, ya auna bakin bindigar sannan ya haƙa ramin mazubin daidai da shi. Yaron ya ga mazubin ya tsufa, ga muni ga nawa, sai ya musanya shi wurin wani farke da sabo mai ƙyalli. Ana nan ɓauna ta addabi garinsu, aka ce shi zai fita. Yana shiri sai bindigar ta yi gyaran murya. Nan Dada ta shaƙe muryarta irin ta tsoho mai mura, muka fashe da dariya.

"Bindiga ta ce, 'Ɗan maigidana, wannan baƙon da za ka sa mini a ciki, ɗaki ya yi masa yawa. Rawa zai kama yi a cikina, ya fita da jiri. Ka nufi kunnen ɓauna, shi kuwa ya tafi gaida tsamiya. In kana musu, jefa shi a bakina ba tsumma ka girgiza ni ka ji.' Yaro ya ce, 'Ke tsohuwa ce, surutu ya yi miki yawa.' Ya saɓa ta ya nufi daji."

Nan ta dakata, ta ci gaba da kaɗinta.

Iro ya ce, "Dada, sai me ya faru? Ɓaunar ta kashe shi?"

Ta ce, "Ƙarshenta bai zo mini ba tukuna."

Ba ta taɓa yi mana haka ba. Muna cikin mita sai na ga Baffa ya tashi ya ɗauko bindigar, ba komai a cikinta. Ya jefa sabon harsashi a bakinta. Ya gangara suuu har ƙasa, ba abin da ya tare shi. Ya girgiza ta, muka ji ƙwal-ƙwal kamar tsakuwa a gwangwani. Sannan ya tattara harsasan nan kaf ya mayar cikin ludayi, ya ce, "Hansatu, ɗauko mini mazubin da ke zaure."

Da na kawo, Dada ta dube ni kamar ni ce mai zubin. "Ke mai bakin aku, bari in koya miki wani abu. Mazubi mai sanyi ba ya haifar harsashi mai kyau, sai mai tamoji da rami a ciki. Ana ɗora shi gefen garwashi ya yi ɗumi, a kanga shi a hayaƙi ya yi baƙi. Ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi, in ba haka ba dalma ta fantsamo wa mutum a ido. Harsasan farko a mayar ludayi, ba a ɗaukarsu."

Ina cewa to, Baffa yana aikatawa. Kowane ya fito sai ya yanke masa 'yar wutsiyar zubi da wuƙa, ni kuma in mirgina shi a faranti. Wanda ya karkace, Dada ta ce mini, "Wannan gurgu ne." Wanda aka zaɓa a ƙarshe, da aka naɗe shi a ƙyalle mai man shanu aka gwada, sai da aka tura shi da sanda ya shiga.

Da asuba ya fita tare da masunta. Gari bai gama wayewa ba muka ji ƙara ɗaya daga fadama, tsuntsaye suka tashi, sai tsit. Mahaifiyata ta zauna daɓas a bakin murhu tana salati. Ni na kasa ko kuka. Dada kuwa tana kan tabarmarta da mazari, ko kai ba ta ɗaga ba, har na ji haushinta.

Da hantsi muka jiyo guɗa daga bakin gari. Baffa ya shigo da ƙafafunsa, taɓo har ƙirji, yara na bin sa. Ya ce tsakanin ido da kunne ya sami dorinar, ba ta ƙara taku ba. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Ya durƙusa nesa kaɗan da Dada ya gaishe ta. Ta kau da kai ta ce, "A dama wa wancan fura." Ta tashi ta shige ɗaki. Na bi ta da mazarin da ta yar, na tarar da ita zaune bakin gado, hawaye na bin kuncinta. Ta ce hayaƙi ne, alhali ba wuta a ɗakin.

Da yamma Iro ya tuna mata bashin tatsuniya. Ta ce, "Yaron ya ji magana, ya dawo gida ya sha fura. Nan ta tsaya." Iro ya ce wallahi wannan ba tatsuniya ba ce, an cuce mu.

Na daɗe ina ɗaukar darasin a kan cewa kada ƙyalli ya ruɗi mutum, kowace bindiga da nata mazubin. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji yadda sunansa yake zuwa bakina in haɗiye, na fara gane nauyin da Dada ta ɗauka a bakin wutar nan. Bayan rasuwarta na tambayi Baffa, ya riga ya tsufa, ko ya san inda ta samo tatsuniyar. Ya ce ba ta samo ta ko'ina ba, nan take ta ƙulla ta. Ashe duk harsashin da kakanmu ya harba a rayuwarsa, ita ta zuba masa.

Ya kalli tsohon mazubin a bango, sannan ya ce, "Hansatu, tunda ta haife ni, ba ta taɓa yi mini doguwar magana ba sai ranar nan. Kuma ko sau ɗaya ba ta dube ni ba."