Bakan Baba Bayan Takaba

Ranar da Inna ta fita takaba, abu ɗaya ta nema: a mayar da bakan Baba bisa ƙofar ɗakinta, inda yake rataye shi in ya dawo farauta. Na ce to. Me zan ce? Ba ta san Yaya da autanmu sun yi rigima a kansa wajen rabon gado ba, har suka sa zarto suka raba shi biyu daidai mariƙi, kowa ya tafi da guntunsa. Ƙattin maza da gemu!

Idon Inna ya yi yana, amma hannunta na gani. Na rantse ba za ta san 'ya'yanta sun yi wannan aika-aika ba. Na bi su gida-gida, na zage su tas, na karɓo guntayen, na naɗe a tsohon zane. Daga Madabo har Kabara ina tafe ina rakuɓewa kamar mai ɗauke da kayan sata.

Tsohon masassaƙin da ya yi wa Baba bakan yana nan a zaurensa. Na durƙusa na ce, "Baba, faɗowa ya yi ya karye."

Ya shafa bakin guntun da babban yatsa, sumul, ba tsaga ko ɗaya. Bai ɗago ba ya ce, "Allah Ya jiƙan mahaifinki." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce baki da baki ba sa riƙe juna, ja ɗaya zai ɓalle. Sai an fere kowane guntu a karkace, a ɗora wannan kan wancan, a shafa gam, a ɗaure da jijiya tana jiƙe, ta bushe ta matse. "Amma fa zai ragu," in ji shi. Na ce ya ragu ɗin, wa zai auna? Da ya gama ya rufe mahaɗin da jar fata, ya sa sabuwar tsirkiya.

Na kai wa Inna ina zuba surutu, wai fatar mariƙin ce ta tsufa aka sake. Ta karɓa, ta miƙe, ta kafa ƙarshensa a ƙasa ta jingina shi da jikinta. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Tun ina amarya haɓata yake taɓawa. Ko ni ce na ƙara tsawo a takaba?"

Na tsaya ina kallon tabarma.

Ta lalubo fatar, ta matsa a hankali inda aka haɗa. "Wa ya riƙe, wa ya yanka?"

Na ce, "Inna..."

"Bar shi. Rataye min. Kuma kada ki gaya musu na sani, in ba haka ba kunya za ta hana su zuwa gaishe ni."