Jan Ido a Ɗakin Kaka

Ko zan manta da komai na shekarun karatuna, abin da ya faru a ɗakin kakata a Matankari ba zai fita raina ba.

Lokacin ina bincike a wata jami'a a ƙasar waje. Aikina a kan wasu ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, muna ce musu ɗigon kwantam, waɗanda in haske ya taɓa su sai su fitar da nasu launin. Haskensu ba shi da ƙarfi, shi ya sa muke shafa su a kan gilashin da aka yi wa ramuka mitsi-mitsi a jere. Ramukan ke tattara hasken, su ƙara masa ƙarfi, su harba shi waje guda. Wanda ya tsaya daidai saitinsa zai ga ja jawur, na kusa da shi kuwa ba zai ga komai ba. Da aka aiko mini Kaka ta rasu, na jefa guda cikin gilasan a aljihu, bai fi farce girma ba. Gaisuwa zan je, amma burga ma tana cikin tafiyar.

Kaka 'yar bori ce, Doguwa take yi wa hidima. A gidanmu in irinta ta rasu, ba mai shiga ɗakinta sai an yi arba'in, ana jira a ga wadda iskar za ta zaɓa cikin dangi. Ni kuwa, sarkin boko, duhun ɗakin kawai na hango, irin wanda nake so don ɗaukar hoton gilashina. Da hantsi, mutane na zaure, na ɗage asabari na shiga. Ƙamshin turarenta na nan, ƙwaryarta a kife, baƙin zanenta a rataye kamar yanzu ta tuɓe shi. Jingina gilashin da tulu ke nan na ji tafiya, na yi wuf na fito na bar shi.

Washegari yayata, wadda ke aure a Dogon Dutsi, tana shara a ƙofar ɗakin sai tsintsiya ta ture asabarin. Rana ta zuro ta wata huda a jinka ta sauka kan gilashin. Yaya ta ƙame.

"Inna, wani abu na kallo na. Ido ja."

Inna da Gwaggo, ƙanwar babanmu, suka leƙa ta kafaɗarta. Duhu kawai suka gani. Gwaggo ta ja da baya a hankali, ta ce wa Yaya:

"Mu ba mu ga komi ba, ɗiyata. Ke ɗai tag gwada ma kanta."

Ina tsaye a wurin. Magana ɗaya ta isa ta kashe zancen, amma dole sai na amsa gaban baffannina cewa ni na keta ɗakin. Na yi gum. Na ce a raina zan ɗauke gilashin a ɓoye, sai Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar, ba ta ko motsawa.

Kullum rana ta kai wurin, Yaya sai ta je ta tsaya, idon ya buɗe mata. Ta daina cin abinci. Rana ta uku na tarar da ita zaune, ƙafa ɗaya a miƙe, tana kaɗa kai tana gunguni, zaman Kaka sak. Ni da na san komai, sai da tsigar jikina ta tashi. Mijinta, matashin ɗan kasuwa ne cikin masu ƙyamar bidi'a, ya zo a kan babur ya ce mata, "In kin taɓa ƙwaryag ga, kar ki komo gidana." 'Ya'yansu uku.

Rana ta huɗu na kasa jurewa. Na tara su na faɗi gaskiya, na tsayar da kowa a inda Yaya ke tsayawa, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga jan. Mijin ya bushe da dariya har da ƙwalla.

"C'est tout? Shi ke nan? Gilashi na! Tashi mu tahi gida."

Yaya ba ta tashi ba. Ta dube ni ba fushi ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

"Na yarda, ƙanena, naka na. To wa yas sa ka shiga? Wa yat tsai da ni nan, ba Inna ba? Da ranar hwarko ka hwaɗi, da dariya za ni yi. Yanzu kwana huɗu ina amsa mata."

Ta miƙe ta shiga ɗakin, ta birkice ƙwaryar. Mijin ya hau babur shi kaɗai, bayan mako guda ya aiko aka tafi da yaran.

Yanzu ina koyarwa, ina iya bayanin hasken nan dalla-dalla. Yaya kuwa tana Matankari a ɗakin Kaka, 'ya'yanta sai da salla take ganinsu. Abin da na koya shi ne gaskiya tana da lokacinta. Tawa ta makara da kwana uku don ina jin kunyar faɗan baffanni, kuma yayata ce ta rasa gidanta.