Ƙarfen da nake soka wa buhun mutane

"Alhaji, akwai jini a bayan gidanka. Sai ka tai Zariya a zura maka roba mai fitila ta baya, a duba hanji."

Haka likita ya faɗa mini a Gusau, lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba. Na ɗau hulata na fita. Ni da na tashi daga dako har na mallaki shagon hatsi uku, in kwanta wani ya leƙa ni? Na ce basir ne, na koma kan jiƙe-jiƙe.

Ranar kasuwar Tsafe, aminina Malam Sani na 'Yankuzo, wanda shi kaɗai na gaya wa, ya kawo mini masara. Na zaro ƙarfena na soka wa buhun, kamar yadda na saba.

Ya riƙe hannuna. "Shekara ashirin kana soka min buhu, ko sau ɗaya ban yi hushi ba. Ba ka yarda da hatsin da ba ka ga cikinai ba. To kai mi kaka ɓoyo, Alhaji, ƙwari?"

Mutane suka kwashe da dariya, ba su san zancen ba. Ni na sani.

Na je Zariya. Aka ga ɗan tsiro, aka cire. Likitan ya ce da an bar shi, yana iya zama ciwon daji.

Yau jikokina goma sha ɗaya, Alhamdulillahi. Ku fa, wa ya taɓa gaya muku gaskiyar da ta kai ku asibiti?