Usur ɗin Mai Ƙwallo

Ƙarar murfin akwatin kakata Hajjo ce ke tara mu. Da an idar da magariba ta hura wutar jabana, tukunyar gahawa, a tsakar gida, mun ji ƙiiii daga ɗaki, sai mu baro wasa. Takan fito da wani tsohon usur, ta zauna a bakin angarib, gadonta na igiya, tana tausa gwiwa, bayan ta wuni tsinkar auduga.

Usur ɗin na ɗanta ne na fari, Baffa Garba, wanda ya rasu ina goye. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mai Ƙwallo take cewa.

Shi ne ya fara horar da 'yan ƙwallo a kwalejin da ya koyar, can wajen Sinnar, a nan ƙasar Sudan. Cikin yaransa akwai Isa, ɗan ƙauyenmu, mai tsaron gida. Da wasan ƙarshe ya matso aka ce kowa ya kawo jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. Baffa ya ɗauki Isa da uwar Isan zuwa birni. Ma'aikaci ya nuna yaron ya ce, wannan ɗanki ne? Yaya sunansa?

"To ɗan fari ne fa," in ji Hajjo. "Sai ta ja mayafi ta ce, ɗan mutane na. Ya sake tambaya, ta duƙar da kai. Balaraben nan ina ya san kunyarmu? Ya rufe littafi."

Isa ya kalli wasan daga bayan wayar shingen fili. Baffa ya kawo usur gida, ya koma karatu har ya zama lauya. Sauran rayuwarsa yana tara iyaye mata ƙarƙashin dalbejiya yana horar da su yadda ya horar da yara: "Faɗi sunan, Inna. Sake faɗi, da ƙarfi."

"Ke kin faɗa, Kaka?" na tambaya.

"Ke, rufa min baki, mai kan tulu. Ni da na haife shi?" Ta yi dariya, sannan ta daɗe tana kallon garwashi. "Ya roƙe ni kam. Har anka ɗauke shi ban faɗa ba."

Lokacin na ɗauka labarin ƙwallo ne.

Shekarar da 'yata ta fari za ta zauna jarrabawa aka ce sai da lambar ɗan ƙasa. Sau uku muna zuwa birni, layi da rana, ƙafafuna sun kumbura. Ni ma, da sakandarena, Yarinya nake ce mata tun haihuwa. Da muka kai gaban tebur aka yi mini tambayar nan. Na tuna Hajjo da garwashinta, Allah Ya jiƙan ta. Na yi bisimilla na ce, "Asma'u. 'Yata ce."

A mota muna komowa na jingina kai don gajiya. Asma'u ta matso ta riƙe bakin mayafina.

"Umma, ashe kin iya faɗinsa. Ƙara faɗi in ji."