Inna Mai Allura da Baƙar Rigar Sanyi

Kullum kafin ta buɗe tagar shago, Inna Mai Allura sai ta zazzage gwangwanin allurorinta a kan farin ƙyalle, ta bi bakin kowacce da ɗan yatsa. Wadda ta lanƙwashe, ko jiya aka sayo ta, kwananta ya ƙare. Maƙwabcinta mai gyaran takalma yakan tsokane ta, wai ko mai neman auren 'yarta bai sha wannan bincike ba. Ita kuwa takan ce ai suruki ana yi masa faɗa ya gyaru, allura fa?

Kowa ya kawo aikin surfani ya san ba ta fara tambayar wane fure ake so, yadin take fara murzawa. Siliki sai siririyar allura mai tsini, fata sai mai baki kamar wuƙa, saƙa kuwa mai dakushin kai. Masu gaggawa sun sha tafiya da fushi, yawancinsu kuma sun dawo.

Mai takalman ya shaida ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta shigo da rigar sanyin ɗanta. Mahaifiyarta ce ta saƙa ta tana kwance ba lafiya, ita ce abu na ƙarshe da hannunta ya yi. Ƙusa ta fizge ta a ƙirji, matar ta sa allurar gida za ta rufe, zare ya tsinke, saƙar ta kama warwarewa. Tana bayani tana share hawaye.

Lokacin Inna ta fara gani dishi-dishi, har ta daina karɓar yadi mai duhu. Rigar kuwa baƙa ce wuluk. Ta daɗe tana shafa wurin, don ta san in ta kuskure babu mai saƙa wata. Can ta laluba ta ɗauko mai dakushin kai.

"'Yata, saƙa ba a huda ta," in ji ta. "Tsakanin zare ake bi."

Ta ja kujera bakin ƙofa, ta kamo zaren da yatsa yana yi mata jagora, ta yi surfanin ɗan koren ganye a kan ramin.

Inna, ke ce mai hannu mai gani. Makon nan kin miƙa wa ƙanwarki gwangwanin, kin ce ido ya gaji. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, ku murza yadi kafin ku ɗauki allura.

Ɗan ma'aikaciyar jinyar nan ya fi ƙarfin rigar tuni. Ƙanwarsa ce ke sa ta yanzu, kuma saƙar kakarsu ba ta ƙara warwarewa ba.