Zanen ɗan takarar da hayaƙi ya cinye

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, mai waina a Ƙofar Marusa. Allah ya jiƙanta. Duk lokacin da guguwar zaɓe ta kaɗa ita nake fara tunawa, kuma dariya ke riga hawaye zuwa.

Gwaggo ba ta taɓa ƙin karɓar atamfar kamfen ba, irin mai hoton ɗan takara ɗin nan da ake raba wa mata. Sai dai ba ta ɗaurawa. Bakin murhu take rataye ta, tana kare iska da ita, tana sauke tanda da gefenta. Kafin wani zaɓen ya zagayo, fuskar bawan Allah ta yi baƙi ƙirin.

Ina zaune wata safiya mata 'yan kamfen ɗin wani ɗan takara suka zo neman ƙuri'a. Bayan doguwar gaisuwa, Gwaggo ta ciro tsohon zanen mai hotonsa na zaɓen baya ta shimfiɗa musu.

"Ga mutumin naku nan," in ji ta. "Ku hwaɗa mishi hayaƙin icce ne ya yi mishi haka. Idona ma haka ya yi mishi. Na yafe nawa, amma ban yafe na ɗiyata Binta ba."

A lokacin idanun Gwaggo sun riga sun dushe, Binta kuma ta fara kama mata suya tana tari. Tsoronta ke nan har ta koma ga Allah: kada yarinyar ta gaji tanda ta gaji makanta.

A rediyo ta ji ana bayanin sauyin yanayi, cewa hayaƙin masana'antu da motoci da janareto ne ke taruwa a sama yana ƙara wa duniya zafi. Ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi, in murhu ɗaya ya yi wa zane haka, ina ga sama da kowa ke tura wa nasa? Na sani, ita ma ta sani, murhunta bai kai komai ba kusa da abin da manyan ƙasashe ke fitarwa. Amma ta ce shugaban da bai damu da hayaƙin unguwarsa ba, da wane baki zai yi wa na ƙetare magana?

Da za ta leƙo yau, zafin bazara zai ba ta haushi, haka ruwan da yake jinkiri sannan ya sauko gaba ɗaya ya kwantar da katangun ƙasa. Amma na tabbata za ta yi murmushi in ta ga faifan sola a kan rufin makwabta. Za ta fi murna da Binta, wadda yanzu da gas take suya, tarin ya tafi, idonta garau. Ni kaina in na zauna cin waina a wurin ba na share hawaye, kuma ina jin daɗin haka ƙwarai.

Sai dai abin bai zauna da gindinsa ba. Duk sanda gas ya yi tsada, mata kan koma wa itace, motocin icce kuma su ci gaba da shigowa daga dazukan da suka rage. Wannan ba aikin mai waina ba ne, aikin masu mulki ne, kuma ba za su yi ba sai mun tambaye su a bainar jama'a kafin mu dangwala musu. Me za ka yi a rage hayaƙi? Tambayar ba ta buƙatar digiri.

Gwaggo ba ta bar gida ko gona ba. Wannan tambayar ta bari, da baƙin zanen da Binta ke ajiye da shi a ƙarƙashin teburinta. Kwanan baya wasu matan suka kawo wa Binta sabuwar atamfa mai hoton ɗan takararsu. Ta karɓa da godiya, ta shimfiɗa ta kusa da tsohon zanen.

"Ku gaishe shi," ta ce. "Ran da na koma wa icce, shi ma bakin murhu zai koma."