Igiya a Ƙafar Matuƙin Kwalekwale

Ana idar da sallar asuba muka bar Birnin Kebbi a motar abokina, wanda ya dame ni da waya cewa yayansa ya haukace a ƙauyensu can bakin iyakar ƙasar Binin. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren masu taɓin hankali, shi ya sa ya ja ni. Washegari za a tsallaka da yayan wurin wani mai magani da ke saka wa mahaukata mari a ƙafa, don haka ban yi musu ba.

Hanyar Bagudo ta gasa mana aya a hannu. In ba rami ba, to shingen jami'ai ne, kowa sai ya leƙa but ɗin motar kamar shinkafa muka ɓoye. Masu babura ɗauke da jarkokin fetur kuwa wucewa suke yi abinsu. A Bagudo muka karya da soyayyen kifi da ƙosai, mai kifin ta tsuga mana tsada don ta ga takalminmu da ƙyalli.

Da hantsi muka isa. Na iske mutumin ɗaure da igiya a ƙafa a gindin mangwaro, wuyansa ya sandare, yawu na dalala. Wani mai kemis ne ke ɗirka masa allurar masu hauka tun damina. Raina ya ɓaci. Na tambayi abin da mara lafiyar yake yi, aka ce da ya ji ƙarar injin kwalekwale sai ya zabura da gudu yana ihu, ba ya barci, ya daina zuwa bakin ruwa. Na ce me ya faru kafin nan? Kowa ya kalli ƙasa.

Sai tsohuwarsu ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, jirgi nai ya kife da yaro nai na fari. To ɗan fari ne, ba a son uba shi nuna damuwa. Mun ce shi yi haƙuri, kada a sake zancen."

Wata da watanni ke nan, ba wanda ya gaya wa mai allurar, shi ma bai tambaya ba. Har abokina da muka sha hirar siyasa a mota bai ce mini uffan ba.

Na zauna kusa da mutumin. Ya san ranar, ya san garin, ba ya zargin kowa da binsa. Na ce ko yana jin muryoyi suna yi masa magana.

"Ba ni jin kowa, malam. Hannun yaron nika gani cikin ruwa. Na san ya wuce, amma in inji ya tashi sai shi dawo."

Zama ɗaya ba ya yanke hukunci, amma wannan ya fi kama da ciwon firgici bayan musiba, ba irin haukan da ke raba mutum da zahiri ba. Magani ma daban. Sai da muka kai ruwa rana da dangi kafin suka kwance igiyar, suka yarda mu kai shi wurin likita.

Mun dawo gida bayan la'asar, a gajiye. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne a tambayi abin da ya sami mutum kafin a soke shi da allura. A hanyarmu ta dawowa da mutumin, a kan gadar kogin Kwara, ya runtse ido ya damƙe hannuna. Da muka haye ya ce a hankali, "Yaron, suna nai Bashiru."